Murafun Injin Baba

Litinin, 3 ga Maris

"Ke da kika yi karatu ki gaya masa. Ni in na faɗa, cewa zai yi na ƙagu ya mutu."

Yaya ke nan, tun ban sauke jaka daga kafaɗa ba. Ya tare ni a ƙofar gida yana tura min waya a fuska: hoton inji, sabo dal, jan fenti, an ɗauko shi daga ƙasa-ƙasa kamar hoton ɗan takara. Na ce ina wuni. Ya ce ƙarfin doki ɗari uku da ashirin.

Ga abin da ya faru. Ranar Alhamis injin motar Baba ya buga a hanya da lodin siminti, aka jawo ta gida da sarƙa. Shekara talatin da ɗaya gingimarin nan ke ciyar da gidanmu, yanzu tana tsaye a fili baki buɗe. Yaya na so a sauke tsohon injin a ɗora sabo mai turbo. Baba na so ya kwance nasa ya sake haɗawa, karo na huɗu. Ni kuwa an kira ni ne don ina koyar da ƙididdiga a jami'a, kuma a gidanmu an ɗauka duk wanda ya iya zana jadawali ya iya raba faɗa.

Inna ta miƙo min shayi ta ce kada in sa baki. Yaya ya ce in sa baki. Baba kuwa ƙafafunsa kawai na gani daga ƙarƙashin mota. Su na gaisar.

Talata, 4 ga Maris

Takardun ɗalibai ɗari da arba'in a kan tebur, na duba tara. Me ya haɗa ni da inji.

Alhamis, 6 ga Maris

An yi yarjejeniya, ni ce shaida, ba da son raina ba.

Mai sayar da sabon injin zai riƙe wa Yaya shi zuwa ƙarshen wata. In tsohon ya tashi kafin watan ya ƙare, shi ke nan, Baba ya ci gaba da tuƙinsa. In bai tashi ba, sabo ya hau, makulli ya koma hannun Yaya. Baba ne da kansa ya ƙara wannan na ƙarshen. Ya ce shi ba zai tuƙa injin da sai an jona masa kwamfuta kafin ya faɗi inda ke masa ciwo ba.

Awa biyu ana magana a kan mai da hayaƙi da hawan tudu. Babu wanda ya ambaci ido. Idon Baba yana ja baya shekara uku ke nan, likita ya ce abin da ya tafi ya tafi. Duk tafiya Yaya na zaune a gefensa yana karanta masa hanya: rami Baba, keke Baba, kwana ta matso. Shekararsa arba'in da huɗu, 'ya'yansa biyar, furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma a tasha har yau yaron mota ake ce masa. Ainihin zancen ke nan. Mun dai fi son mu yi shi da sunan inji, ya fi sauƙin haɗiya.

Da zan tafi Baba ya ce, "Auta, ke kina wane ɓangare?" Na ce ina ɓangaren hujja. Ya ce, "To ki gaishe ta."

Asabar, 8 ga Maris

Na bi Yaya wurin mai injin. Shago ne mai tayil, ya fi asibitin unguwarmu tsabta, mai shagon kuma ya sha turaren da sai da idona ya kawo ruwa. A raina na sa masa Mai Turare. Injin na bisa katako an naɗe shi da leda. Ya yaye ledar a hankali yana kallon fuskokinmu.

Na tambaye shi ko tsohon giyabos ɗinmu zai ɗauki wannan ƙarfin. Ya juya ya ba Yaya amsa. Na tambayi zancen birki, ya sake ba Yaya amsa. Ta uku na tambayi Yaya, sai ya juyo ya ba ni amsa. Na gano dabarar ke nan, amma tambayoyina sun ƙare.

Abin haushin shi ne mutumin bai yi ƙarya sosai ba. Injin ya fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba, bai kai shi shan mai ba, kayan gyaransa na ko'ina, namu kuwa sai an bi wurin 'yan kwance, masu wargaza tsoffin motoci, ana tono. Sai dai zai so sabon kuloci, kuma wata rana a kan tudu zai iya tauna haƙoran giyarmu. Mai Turare ya ce wannan ba matsala ba ce, yana da giyabos ma. Ban yi shakka ba. Da na ƙara tambaya ɗaya da ya fito min da mota sukutum.

Da yamma na zana jadawali. Sabo ya ci shida cikin tara. Na kai wa Baba, ya riƙe takardar nesa, ya matso da ita kusa, ya ce layukan sun miƙe da kyau. Da ita ya ƙunshe wasu ƙananan notoci.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban je ba. Na wanke labulayen da ba su yi datti ba.

Litinin, 10 ga Maris

Inna a waya. Na ce ke me kike so a yi? Ta ce tana so ya sauka daga titi da ransa da na mutane, amma ba ta so a sauke shi. Na ce ai duk ɗaya ne. Ta ce, "Shi ya sa na ce kada ki sa baki."

Laraba, 12 ga Maris

Sun sauke injin jiya da sarƙa da ƙugiya. Yau na tarar da shi a tsohon ɗakina. An jingine gadona da bango, an shimfiɗa kwalaye a ƙasa, kuma inda nake zama in yi karatun jarrabawa yanzu fistin shida ne a jere, baƙi wuluk. Inna ce ta hana a bar su a waje, wai 'ya'yan Yaya za su kwashe su yi wasa.

Baba na tsugune a tsakiya yana shafa ƙarafa ɗaya-ɗaya yana zana musu alli. Ni ban ga tsari a abin ba. Manya da ƙanana a cakuɗe, baƙin mai ya jiƙa kwali, gwangwanin madara uku cike da tarkace. Ya ce in taka a hankali. Na ce ɗakina ne fa. Ya ce, "Da."

Jikina ya ƙi zama. Na dawo gida na buɗe littafin gyaran irin wannan injin da na samo a waya, shafi ɗari huɗu, na karanta sittin. Ban san dalili ba. Wataƙila don in samu abin cewa.

Asabar, 15 ga Maris

Bari in rubuta shi yadda ya faru, ba yadda zan so in ba mutane labari ba.

Da safe Baba da Yaya suka ɗauki karanshaf, wato babban sandan ƙarfen da fistin ke juyawa, suka kai wa mai injin kankare ƙarfe. Na zo na tarar ba sa nan. Na zauna da Inna minti goma, na tashi. Na leƙa ɗakin. Na ce bari dai in rage musu aiki.

Kowane fistin yana da hannu na ƙarfe, kowane hannu yana da murfi, rabin zobe, da ake ɗaurewa da noti ya rungumi karanshaf. Hannu shida, murfi shida. Hannayen na jikin fistin ɗinsu a jere, ban motsa su ba. Murafun na kwashe na zuba a robar kananzir na wanke su tas, baƙin mai da alli da komai, har suna ƙyalli. Tun ina ɗauka na lura da lambobin da aka buga a jikinsu: Baba ya ajiye murfi mai lamba huɗu kusa da hannu na biyu, mai shida kusa da na ɗaya, akwai ma uku guda biyu, biyar babu. Wallahi tausayinsa na ji, na ce ido ne. Littafin ya ce lamba ta bi lamba. Na gyara masa, na jera su a kan sabon kwali, ukun da ya yi yawa na ba hannu na biyar. Na wanke hannu na zauna ina jiran yabo.

Ya dawo ya tsuguna. Ya kai hannu inda ya bar abu, babu. Ya laluba, ya ɗauki murfi ɗaya ya shinshina, ya juya shi yana neman alli da babban yatsa. Ya daɗe.

"Wa ya taimake ni?"

Na ce ni.

Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi min. Yaya ne ya yi bayani daga bakin ƙofa. Hannu da murfinsa tare ake kankare su, su zama rami ɗaya zagayayye. Murfin wani ba ya zama a hannun wani ko da ido ya ga sun yi daidai. A shekara talatin Baba ya sha fasa murfi a hanya, ya samo wani a wurin 'yan kwance, ya kai a kankare shi tare da hannun. Lambobin nan na wasu injuna ne da suka mutu tun ina firamare. Allin ne ke faɗin wane na wane. In aka ɗaura ba daidai ba injin zai tashi lafiya lau, ya yi 'yan kilomita, sannan ya cije, ko hannun ya fasa gefen injin ya fito waje.

Hanyoyin jera murfi shida a hannu shida ɗari bakwai da ashirin ne. Wannan na sani. Darasin mako na uku ne.

Yaya ya raka ni bakin titi. Ya ce, "Furofesa, da na san haka kike taimako ai da tuni na kira ki." Ya yi dariya shi kaɗai, ita ma ba ta kai ko'ina ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Ban iya cin komai ba sai yamma. Tambayar da ke bina: ko Baba na zaton da gangan na yi, don jadawalina ya ci? Wadda ta fi ta muni, ko da gangan ɗin ne, na bar ta a inda take.

Litinin, 17 ga Maris

Yaya ya koma wurin mai kankara ya tambaya ko za a sake kankare su duka shida a huta. Mutumin ya ce babu sauran naman da zai ci a jikinsu, sau uku ana ci. Wasu hannayen irinsu kuma sai an aika nesa, wata biyu in an yi sa'a. Saura kwana goma sha huɗu.

A aji na rubuta lissafi a allo, na tsaya ina kallon allin da ke hannuna har wata ɗaliba ta yi tari.

Talata, 18 ga Maris

Na je bayan ajin ƙarshe, na shirya jawabin ban haƙuri mai sakin layi uku. Ban kai ƙarshen jimlar farko ba ya ce, "Kina da farce?" Na ce na yanke. Ya ce to kina da ido, zauna.

Ga aikin. A ɗora murfi a hannu, a ɗaure noti daidai ƙarfinsa, sai ya zura yatsa cikin ramin ya bi mahaɗar da farce. In farcen ya yi tuntuɓe, ba nasa ba ne. In ya wuce sumul, sai a zo kaina: dutsen kankara yana barin siraran layuka a cikin ramin, kamar gashi, kuma in murfin na hannun ne layukan za su tsallake mahaɗar su ci gaba ba tare da sun karye ba. Da can shi yake ganinsu. Yanzu ni ce, da fitilar waya da gilashin karatun Inna.

Gwaji talatin da shida ne ba ɗari bakwai ba, kowane hannu da kowane murfi. Na faɗa masa ina ɗan jin daɗin ni ma na kawo wani abu. Ya ce madalla, ɗaure notin.

Mun yi tara, babu ko ɗaya. Bayana kamar an daka.

Alhamis, 20 ga Maris

Uku sun samu abokansu. Na farkon da ya faɗa daidai na ji wani abu a ƙirjina da ban ji ba ranar da aka miƙa min digiri na biyu, kuma ba zan gaya wa kowa wannan ba.

Yana aiki yana magana, ba da ni ba sosai. Wannan murfin daga motar wani abokinsa ne da ta kife da lodin katako. Wancan sai da ya yi tafiyar yini a ƙafa kafin ya same shi. "Lokacin haƙoranki na gaba sun zube." Na tambaye shi me ya sa bai taɓa rubutawa ba. Ya ce, "Wa zai karanta? Ni na sani." Na ce ai ga shi nan. Ya koma kan ƙarfensa, na koma kan fitilata, kowa ya ɗauki rabonsa.

Da alli nake sa musu alama yanzu. Na kuma ɗauki hoto. Na kuma rubuta a bayan littafin nan. Inna ta ce saura in kira ɗan sanda ya tsaya a kansu.

Jumma'a, 21 ga Maris

Na huɗu ya samu abokinsa. Bakin yatsuna duk baƙi, sabulu ya ƙi fitarwa. A taron sashe a kan hannuwana na zauna.

Asabar, 22 ga Maris

Saura hannu biyu da murfi biyu, kuma a nan muka maƙale. Masu lamba ukun nan ne guda biyu. Farcen Baba ya ce haka, idona ya ce akasin haka. Mun kwance mun ɗaura sau biyar. Ya ce farcensa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Na ce layukan a gabana suke. Ya ce lambobin ma ai a gabanki suke. Na haɗiye.

Rabi da rabi. A aji ina son misalin nan, yana da tsabta. A ɗakin nan rabi ɗaya injin Baba ne da rami a gefe.

Yaya ya shigo neman sifana ya tsaya a kanmu. Mako guda ke nan ba ya shiga ɗakin, yana can waje yana gyaran birki da lagireto, abubuwan da za su yi amfani ko wane inji ya hau. Ya ce a miƙo masa. Ya juya murfi ɗaya a hasken taga, ya nuna wani ɗan tabo a gefensa, bai fi ƙwayar shinkafa ba.

"Wannan na hannu na biyar ne. Ni na yar da shi a kwalta ranar da aka kawo shi daga kankara. Ka mare ni."

Baba ya ce bai tuna ba.

"Ni na tuna."

Na biyar. Abin da idona ya ce ke nan, ba farcen Baba ba. Ban goranta masa ba, ina so a rubuta min wannan cikin ayyukan alheri. Baba ya karɓi murfin ya daɗe yana shafa tabon. Ya ce, "Ɗaura yadda ya ce."

A waje na tare Yaya. Na ce ka san abin da ka yi wa kanka kuwa? Da ya yi shiru, ko dai wata ya ƙare muna gardama ko injin ya cije, makulli ya zo masa har gida. Ya ce, "Furofesa, makulli nake so. Ban ce ina son ƙarfe ya fito ta gefen injin nan shi yana kan sitiyari ba." Ya koma ƙarƙashin mota. A gidanmu duk wanda magana ta yi wa nauyi ƙarƙashin mota yake shiga. Ni ce kawai ba ni da wurin shiga.

Talata, 25 ga Maris

Karanshaf ya dawo yana ƙyalli. Sun gwada hannayen a jikinsa ɗaya-ɗaya. Baba ya shafa mai, ya ɗaure, ya ɗaga hannun sama ya saki. In ya sauko da nauyin kansa a hankali kamar kan mai gyangyaɗi, ya yi. Na biyar ya sauko. Na fita na sha ruwa kofi biyu.

Mai Turare ya kira Yaya sau uku. Wai wani ya zo ya taya.

Laraba, 26 ga Maris

Na ɗaga aji biyu. Na ce wa shugaban sashe akwai larura a gida. Ya yi min jaje har da sunkuyar da kai, na karɓa ko kunya babu. Yini na yi ina riƙe fitila da miƙa sifana, an kuma ce ban iya miƙawa ba.

Asabar, 29 ga Maris

An mayar da injin jiya. Yau tun hantsi ake murza makulli. Yana juyawa, yana tari, ba ya kamawa. Batir ya mutu, aka aro na maƙwabci, shi ma ya bi shi, aka kai shi caji. Baba ya ce iska ce a layin gas. Yaya ya ce famfo ne. Ni na ce ba ni da ra'ayi, kuma karon farko ke nan a rayuwata da na faɗi haka da gaske.

Maƙwabta sun jeru a kan katanga. Ashe kowa ya taɓa yin kawu bakanike.

Saura kwana biyu. Na kasa zaune na kasa tsaye, na ɗauki tsintsiya na fara sharar filin da ba a sa ni ba. Inna ta ƙwace ta ce, "Ke dai kada ki ƙara gyara komai."

Lahadi, 30 ga Maris

Iska ce. Baba ya sassauta notoci shida ɗaya bayan ɗaya, Yaya na bugun famfon hannu, har kumfa ta daina fita. Wajen ƙarfe sha ɗaya Yaya ya murza, injin ya yi tari biyu, ya kama. Farin hayaƙi ya rufe shanyar Inna.

Babu wanda ya yi murna tukuna. Baba ya ɗauki doguwar sukudireba ya ɗora bakinta a jikin injin, ƙotar a kunnensa, ya bi silinda ɗaya-ɗaya ido rufe. A ta biyar ya fi daɗewa. Na ƙirga numfashina, goma sha tara. Ya ɗago ya ce, "Yana magana daidai."

Ya ci ke nan. Yaya ya sauko daga kujerar direba ya bar masa ƙofa a buɗe. Baba ya goge hannu, ya hau, ya gyara zama, ya taka kuloci ya sa giya. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba. Sai ya ce, "An buɗe ƙofar filin?"

Rana tsaka. Ƙofar a wangale take, ƙyaurenta biyu jikin katanga, taku goma sha biyar daga hancin motar, ga titi a bayanta mutane na wucewa.

Yaya ya buɗe baki zai ce a buɗe take Baba, yadda ya saba. Bai faɗa ba. Ni ma ban faɗa ba. Injin ya yi ta bugawa, ban san tsawon lokacin ba. Baba ya cire giya, ya ja birkin hannu, ya sauko da baya yana laluben mataki da ƙafa.

A inuwa ya zauna ya yi magana kamar mai ba da saƙon kasuwa. Injin da aka haɗa sabo sai an lallaɓa shi kilomita dubu da ɗari biyar, ba lodi, ba gudu, ba a barinsa yana ta bugawa a tsaye, har zobban fistin su zauna. Bayan nan makulli na Yaya ne, ya yi yadda ya ga dama. "Amma ba kai za ka lallaɓa shi ba. Ƙafarka guduma ce." Yaya bai musa ba, duk unguwa ta sani.

"Auta za ta tuƙa. Ni ina gefe ina saurare."

Na yi dariya. Na ce ina da jarrabawa, ina da taro, rabona da babbar mota shekara goma sha bakwai, tun hutun da ya koya min a filin bayan tasha don ya rasa abin yi. Ya ce, "Amma kina sabunta lasisin." Ban taɓa gaya wa kowa ba. Na kalli Inna, Inna ta tafi duba shanyarta.

Na ce a'a. Sau biyu na faɗa, ƙarara, da hujjoji.

Litinin, 31 ga Maris

Mun tsaya a gefen hanya inji ya huce, Baba ya ce minti ashirin. Kilomita tamanin da huɗu. Kafaɗata ta dama kamar ba tawa ba.

Ba wani abu ba ne. Ni na ɓata, ya kamata in ga ƙarshen abin da na ɓata, iyakarta ke nan. Kuma dole wani ya riƙa rubuta zafin inji da matsin mai duk kilomita hamsin, tunda su ba sa rubutu.

Da safe sai da na biya ofis in miƙa takardun ɗalibai. Da motar na je, babu yadda zan yi. Mai gadi ya leƙo yana neman direba, ya gan ni, ya sake neman direba. Ta cinye wurin ajiye motoci huɗu har da na shugaban sashe. Baba ya ce kada in daɗe, ba zai kashe ba, batir ɗin na aro ne.

Na hau sama da sauri, na ajiye takardun, na roƙi abokiyar ofishina ta riƙe min aji. Ta ce na kwana nawa. Na ce lissafin ba wuya, dubu da ɗari biyar a raba da... sai na ji ta taga muryar injin ta ɗan sauya. Na yi shiru ina saurare har ta dawo daidai. Ta ce, "Lafiya?" Na ce tankin iskar birki ne ya cika. Ta kalle ni kamar na yi wani yare. Ni ma ban san lokacin da na san wannan ba.

Na cire takalmi mai tsini na tura ƙarƙashin tebur, na sa na robar da nake ajiyewa saboda ruwan sama. Na bar mata makullin durowa. Ta sake tambayar ranar dawowa, na ce zan kira. Na ja ƙofar ta rufu, na sauka.